Yawun maigidana ya koma kamar danƙo tun da aka gama masa gashi

Assalamu alaikum Anti, don Allah a ɓoye sunana. Maigidana ne aka gano yana da ciwon daji a can bayan hanci, aka yi masa gashi, wato ƙona ciwon da hasken inji, na sati 7 haɗe da kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, yau sati 3 kenan da gamawa. Alhamdulillah kumburin wuyan ya sauka amma sai wani abu ya taso mana, yawu. Yawun nan kauri gare shi kamar danƙo, in ya tofar sai ya yi ta ja kamar zare ba ya tsinkewa, wani lokacin sai na sa tishu na jawo masa. Da dare ba barci sai kakari, da asuba kuma amai. Na rage masa shan ruwa daga magariba don kar yawun ya ƙaru, na kuma karɓo masa maganin mura a kemis wai yana busar da majina amma abin sai gaba yake. Ya daina zuwa masallaci saboda kunyar tofe-tofe, danginsa wasu na cewa ciwon ne ya dawo wasu na cewa a ware masa kofi da kwano. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jinya, Allah ya ba maigida lafiya ya sa kaffara ne, ke kuma Allah ya biya ki don wanda bai taɓa kwana zaune da mara lafiya yana kakari ba ba zai san abin da kike ciki ba.

Bari in fara da abin da ya fi damuna a saƙonki, wato ruwan da kika rage masa da maganin murar nan. Ki dakatar da su biyun tun yau. Ba faɗa nake miki ba wallahi, kusan duk mai jinya haka yake fara yi, tunda ido yana ganin yawu ya yi yawa sai hankali ya ce to a busar da shi. Amma yawun maigidanki ba ƙaruwa ya yi ba, raguwa ma ya yi. Ruwan cikinsa ne ya tafi ya bar kaurin. Kin san yadda kunu yake in ya kwana a kofi, ruwan ya janye sai guntun mai kauri ya manne a gindi, to wa zai ce maganin wannan a ƙara barinsa a rana? Ruwa ake ƙara masa a motsa.

Ga yadda abin yake. Wuraren da ke haɗa yawu a jikin mutum manya guda shida ne, uku kowane ɓangare. Akwai na gaban kunne, wanda yake kumbura in yaro ya kamu da hangum, akwai na ƙarƙashin muƙamuƙi, akwai na ƙarƙashin harshe, sai kuma ƙanana birjik a cikin leɓe da kumatu da ganɗa. Mai lafiya yana samar da yawu daga rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi kullum kuma yana haɗiye shi bai ma sani ba. To aikin nasu ba iri ɗaya ba ne, na gaban kunnen shi ke ba da yawu mai ruwa-ruwa tsararo, sauran kuma su ke ba da mai yauƙi, in suka haɗu sai a samu yawu daidai. Shi gashin da ake yi wa bayan hanci dole haskensa ya ratsa ta wajen kunnen nan, kuma ɓangaren da ke ba da ruwan shi ya fi saurin jin jiki, tun a sati na 1 zuwa na 2 yake fara ja baya, mai yauƙin kuma ya fi shi juriya sai ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai. Ki haɗa da cewa gashin ya saɓule fatar cikin baki da maƙogwaro, ita ma tana fitar da majina don ta kare kanta, sannan ga haɗiya da zafi don haka ya rage haɗiyewa, abin da da yake wucewa ciki shiru yanzu taruwa yake a baki. Shi ne kike gani kamar ya yi yawa.

Shi kuwa maganin mura na kemis, yawancinsu akwai sinadarin da ke busar da hanci da baki a ciki, irin su Piriton da maganin tarin da ke sa barci, aikinsu kenan su janye ruwa. Mai mura zai ji daɗi, amma a bakin da aka gasa sai su mai da danƙon ya zama kamar ƙaro. Har a asibiti akwai magungunan da ake ba masu dalalar da yawu don ya ragu, su ma ba a cika son su ga mai irin matsalar maigidanki ba saboda wannan dalilin. In akwai wasu magungunan da yake sha na daban, na hawan jini ko na barci ko na zafi, ki zuba su duka a leda ki tafi da su ranar ganin likita ya duba, kar ki tsayar da su da kanki.

Sati 3 da gama gashi kuma ai kuna tsakiyar abin ne. Mutane suna zaton ranar da aka gama gashi ranar za a fara samun sauƙi, alhali aikin hasken yana ci gaba a jiki, sati na ƙarshe da sati biyun da ke biye su ne mafi wuya. Yawanci kaurin nan yana fara saki bayan wata ɗaya zuwa biyu, wasu kuma sai ya ja su watanni. Abin da ba zan ɓoye miki ba shi ne in kaurin ya tafi bushewar baki ce ke maye gurbinsa, ita kam tana daɗewa, tana iya yin sauƙi a hankali cikin shekara ɗaya zuwa biyu, wasu kuma da ita za su zauna, gorar ruwa ta zama abokiyar tafiya. Gara ki sani tun yanzu.

To me za ki yi. Ruwa dai, ruwa. Ya riƙa samun kamar lita 2 a rana ko sama da haka, wato ledar fiya wata 4 zuwa 5, sai fa in likita ya taƙaita masa saboda ƙoda ko zuciya. Ba wai ki tsare shi da kofi guda ya kwankwaɗe ba, ba zai iya ba, kurɓa-kurɓa ne daga safe har dare, ki ajiye gora kusa da shi duk 'yan mintuna ya ɗan kurɓa, kuma mai ɗumi-ɗumi ya fi narkar da yauƙin ga yawancin mutane duk da wasu sun fi son mai sanyi in bakin na zafi, ki bar shi ya zaɓa. Romo da kunu da shayi mara ƙarfi duk suna cikin lissafi. In an sa masa robar abinci ta hanci ko ta ciki, ba ki faɗa ba, to ta nan za ki bi da ruwan. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fitsarinsa, in ya yi ja kamar shayi kuma kaɗan ne to ruwan bai isa ba. Wanda aka yi wa kemo ma musamman ƙodarsa tana buƙatar ruwan nan.

Sai ruwan kurkure baki, wanda in da za a ce in zaɓi abu ɗaya tak a duk maganar nan shi zan ɗauka, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ki tafasa ruwa lita 1 ki bar shi ya huce, ki zuba bekin soda ƙaramin cokalin shayi 1 da gishiri ƙaramin cokali 1 ki girgiza. Ya guntsa ya kurkure sosai ya ɗaga kai ya kai shi maƙogwaro in zai iya, ya zubar, kar ya haɗiye. Duk bayan awa biyu ko ma fiye in yana so, da kafin cin abinci da bayan ci da kafin kwanciya, da tsakar dare in ya farka. Sodar tana tsinka yauƙin nan ya saki, tana kuma kashe tsamin bakin. In gishirin yana masa raɗaɗi ki rage shi rabi ko ki cire gaba ɗaya. Kullum ki haɗa sabo. Kuma ki lura da kyau, bekin soda na ce ba bekin foda na kek ba, masu shago suna yawan miƙo ɗaya a madadin ɗaya, ki karanta gwangwanin. Na san kuma wata a gidan za ta ce ai kanwa ma ɗaya ce, a jiƙa masa ungurnu. A'a. Kanwa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ki da yadda za ki auna ta ga kuma ƙasa da datti, a bakin da yake ɗanye ƙona shi za ta yi. Haka ruwan wanke baki na kanti masu yaji-yaji ɗin nan, da yawansu akwai sinadarin giya a ciki, busarwa suke su ƙara raɗaɗi.

Wanda ya maƙale a ganɗa ko bayan harshe ya ƙi fita, ki daina amfani da busasshen tishu, yana mannewa ya bar ɓurɓushi ya kuma goge fatar. Ki sayi bandejin raga mai tsabta a kemis, ki naɗa a yatsa bayan kin wanke hannu, ki tsoma a ruwan sodar nan ki share a hankali daga ciki zuwa waje. Shi kuma ki roƙe shi ya rage kakarin ƙarfi, na san yana jin kamar abu ya tokare masa wuya amma kakarin yana ƙara kumbura wurin sai majinar ta ƙaru, ya fara kurkurewa tukuna ya jira ta yi laushi sannan ya yi tari a hankali.

Dare shi ne babban yaƙin ku don haka bari in daɗe a nan. Kafin ya kwanta ki yi masa sirace da ruwan zafi zalla, zalla fa, ba ganye ba man zafi ba kanumfari ba komai, ki bar ruwan ya ɗan sarara kar tururin ya zama mai ƙuna saboda fatar wuyansa da fuskarsa da aka gasa ba ta da juriya yanzu, ya zauna nesa kaɗan da robar ya shaƙa na minti goma haka, daga nan ya kurkure ya fitar da abin da ya saki. In da hali akwai ɗan injin nan da ake yi wa masu asma amfani da shi, nebulaiza, ana zuba ruwan gishirin asibiti irin na ƙarin ruwa a ciki ya mai da shi hazo mutum ya shaƙa, wannan ya fi sirace aiki kuma ba ƙuna, ki tambayi likitansa ko nas su nuna miki yadda ake yi da yadda ake wanke shi. Kar ya kwanta flat a rigingine, ki tara masa filo biyu ko uku tun daga kafaɗa ba wuya kaɗai ba, ko a sa bulo a ɗaga ƙafafun gadon na wajen kai, ya ɗan karkata gefe. Fanka kar ta riƙa bugun fuskarsa, esi ma busar da ɗaki yake. In hunturu ya shigo kuwa sai kin ƙara dagewa don iskar nan ko mai lafiya fasa masa leɓe take, ki jiƙa tawul ki rataya a ɗakin ko ki ajiye baho da ruwa, a rufe taga saboda ƙura, in zai fita ya sa takunkumi. A gefen gado a ajiye gorar ruwa da ruwan kurkura da ɗan bokiti mai murfi, yadda in ya farka ba sai ya tashe ki ba, ke ma ai mutum ce kina buƙatar barcin.

Aman asuba kuwa yawanci majinar da ta taru cikin dare ce, wata ta gangara ciki wata ta tsaya a maƙogwaro tana taɓo wurin da ke tayar da zuciya. Da ya farka kar ya fara da yunƙurin kakaro ta, ya zauna tukuna ya kurkure sau biyu sau uku, ya kurɓi ruwan ɗumi, sannan ya fitar. Abinci kuma sai bakin ya washe. In duk da haka aman bai tsaya ba a faɗa wa likita akwai maganinsa. Akwai kuma magungunan tsinka majina irin su carbocisteine da guaifenesin, wasu suna jin daɗinsu wasu ba sa ganin bambanci, amma likitan ne zai rubuta don na kemis sau da yawa a gauraye suke da wancan mai busarwar da muke gudu. In abin ya kai yana shaƙe shi akwai ƙaramin injin zuƙe majina da ake iya amfani da shi a gida.

Batun abinci, mai ruwa-ruwa da laushi. Kunun gyaɗa, kunun alkama, faten dankali ko na wake da ya nuna luguf, ƙwai, romon kaza ko kifi ba barkono, tuwo mai laushi ƙananan loma a nutsa shi cikin miya sosai. Miyar kuka da kuɓewa suna taimaka wa loma ta zame, ko da yake wasu masu jinyar in suka ga yauƙi a kwano zuciyarsu tashi take don ya yi kama da abin da suke fama da shi, in haka ne kar ki matsa. Ki ajiye yaji da citta da kunun tsamiya da lemon tsami da zoɓo sai bakin ya warke, haka su ƙuli-ƙuli da kilishi da gasasshen burodi. Goro da sigari da taba kam babu su, in ma da yana yi. Za ki ji ana cewa abarba ko gwanda suna narkar da yauƙi, akwai ƙamshin gaskiya don suna da sinadarin da ke tsinka shi, sai dai abarba a bakin da ke da gyambo azaba ce, gwanda nunanniya ta fi sauƙi ki fara da ita. Madara da nono kuma mutane suna cewa suna ƙara majina, ba sa ƙarawa, shafe baki dai suke yi sai a ji kamar ya ƙara kauri, kuma mutumin da ya rame bayan sati 7 na gashi ba za a hana shi madara ba, ya sha ya kurkure bayan nan shi kenan. Ya ci a zaune sosai, ya kuma zauna kamar rabin awa kafin ya kishingiɗa. Ko yaya kar ya daina haɗiya gaba ɗaya, maƙogwaron da aka gasa in aka bar shi ba aiki ƙagewa yake, in asibitinku akwai masu koyar da motsa maƙogwaro da muƙamuƙi ki nema a haɗa ku da su.

Haƙora ma ki sa ido, yawu shi ne mai gadinsu, da ya ragu sai su fara ruɓewa da sauri. Burushi mai laushi irin na yara da makilin mai fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, safe da dare, asuwaki in zai yi sai mai laushi sosai kar ya fasa dasashi. Kuma ko shekara nawa aka yi nan gaba kar ya yarda a cire masa haƙori sai mai cirewar ya san an taɓa gasa wurin, ƙashin muƙamuƙin da ya sha gashi ba ya warkewa da wuri, ciwon yana iya zama babba. Wanzami kuwa ko kusa, kar wani ya ce beli ne ya sauko a je a yanke.

Yanzu dangi. Ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kofi ko kwano ko yawu, kuma gashin da aka yi masa na inji ne daga waje, ba ya barin wani haske a jikinsa da zai taɓa ki ko yara. In ma za a ware masa kofi to don a kare shi ne daga murar mutane tunda kemo ta rage masa ƙarfin jiki, ba don a kare su daga shi ba, kuma yadda aka faɗi maganar yana da muhimmanci, mutumin da yake ƙyamar kansa in ya ga an ware masa kwano ya gama karaya. Masu cewa ciwon ya dawo kuma, kaurin yawu a sati na 3 ba alamar dawowa ba ce, kusan duk wanda aka gasa wa wurin nan sai ya yi shi. Ana yin hoton duba sakamakon aiki ne wajen wata 3 bayan gamawa don kafin nan kumburin gashin kansa yana rikita hoton, ku dai kar ku tsallake ranar komawa.

Masallaci kuwa ni ba malama ba ce amma abin da na sani mara lafiya yana da rangwame, kuma mutum ya tofa a hankici cikin salla ya naɗe ba ya ɓata salla. In ya ji ƙarfi ya fara da salla ɗaya a rana wadda yawun ya fi lafawa, ya kurkure kafin ya fita, ya tsaya a ƙarshen sahu da hankicinsa da 'yar gora a aljihu. Kar ki tura shi, amma kar ki bar shi ya rufe kansa a ɗaki wata da watanni. In azumi ya riske ku yana wannan halin a tambayi likita da malami, wuni guda ba ruwa ga bakin nan ba ƙaramin abu ba ne kuma Allah ya yi wa mara lafiya sauƙi ya rama daga baya.

Akwai abubuwan da in kin gansu ba jiran ranar asibiti, a tafi a ranar. Zazzaɓi da ya kai 38 ko rawar sanyi, musamman ga wanda bai daɗe da kemo ba. Numfashi da ƙyar ko wani ƙara-ƙara in yana jan iska. In yana ƙwarewa ko tari duk sanda ya sha ruwa, ko muryarsa ta koma kamar mai magana da ruwa a wuya, wannan yana nufin abu na bi ta hanyar iska kuma yana iya zama ciwon huhu, a irin wannan kar ki ce Anti ta ce a yi ta ba shi ruwa, a fara duba haɗiyar tukuna. Majina ta koma kore ko ruwan ɗorawa mai wari, ko jini wanda ya wuce ɗan ɗigo-ɗigo. Ya wuni bai iya shan komai ba, ko ramar tana ƙaruwa sati bayan sati. Sannan yau ɗin nan ki haska bakinsa da tocilan waya ki duba harshe da cikin kumatu, in kin ga fari-fari kamar guntun kindirmo ya manne, in an goge wurin ya yi ja, to fankas ne irin wanda ke fito wa jarirai a baki, yana yawan kama waɗanda aka yi wa gashi kuma yana ƙara kaurin yawun da zafin haɗiya, maganinsa na 'yan kwanaki ne likita zai rubuta.

Ki gwada waɗannan na sati biyu, ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta ledar ruwa nawa ya sha da sau nawa ya farka da dare, in da sikeli ki auna shi sau ɗaya a sati, ki tafi da littafin ranar ganin likita. Ki sake rubuto min in ji yadda daren ya koma. Allah ya ƙara sauƙi, a gaishe da maigidan.